Rumbu Cikin Rumbu: Tsayar da Sigar Matani a Aikin Tattara Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya kafa hujja da ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, yakan ambaci shekara da shafi, domin mai bin diddigi ya tarar da bayanin yadda aka bar shi. Matanin da ke cikin kwamfuta ba shi da wannan tabbas, saboda kullum ana iya taɓa shi. Wannan maƙala ta dubi yadda manhajar Git ke tsayar da matani a kan siga guda, da abin da ake sadaukarwa wajen yin hakan.

2.0 Uwar Rumbu da Ƙananan Rumbuna

Linus Torvalds ne ya ƙirƙiri Git a 2005 domin adana tarihin gyare-gyare. Duk gyaran da aka adana yana samun lambar shaida ta musamman. A 2007 aka ƙara damar sanya rumbu cikin wani rumbu. Uwar rumbu ba ta kwashe kayan ƙaramin, lambar gyara guda kawai take riƙewa.

A ƙaddara cewa tawaga huɗu na tattara kalmomi a kudancin Kano: na su a Tiga ta Bebeji, na ciniki a Kwanar Dangora ta Kiru, na noma a Tudun Wada, da na haƙar kuza a Riruwai ta Doguwa. Kowace tawaga da rumbunta, uwar rumbun kuma tana hannun jagoran bincike. Wata rana sai tawagar Tudun Wada ta sanya alamar karin sauti, ta raba "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Gyaran daidai ne. To amma da uwar rumbu za ta karɓe shi kai tsaye, da ƙididdigar da ɗalibi ya riga ya sanya a kundinsa ta daina dacewa da madogararsa. Don haka Git ke barin ƙaramin rumbu a kan lambar da aka ɗaure shi, har sai an matsar da shi da gangan.

3.0 Wa Ke da Ikon Saiti?

Ana rubuta saitin sabuntawa a wurare biyu. Na farko shi ne fayil ɗin .gitmodules, wanda ke bin rumbu duk inda aka kwafe shi. Na biyu shi ne saitin da ke kan kwamfutar kowane ma'aikaci, kuma shi ke rinjaye idan an sami saɓani. A ɗayansu ana iya umartar Git ta tsallake wani ƙaramin rumbu ɗungurungum, abin da ke amfanar mai aiki a ƙauye da ba ya son ƙona kuɗin data wajen sauke muryoyin wata tawaga.

Kowane wuri da nasa cikas. Saitin gama-gari yana haɗa kan ma'aikata, amma yana bai wa wanda ya rubuta shi iko a kan kwamfutocin wasu. Wannan ne ya sa a Disamba 2019 aka haramta sanya umarnin da kwamfuta za ta zartar a cikin fayil ɗin gama-gari, bayan an gano ana iya cutarwa ta wannan kafa. Saitin kashin kai kuwa yana ba da 'yanci, amma yakan bar mutum biyu suna aiki da siga daban-daban ba tare da sun ankara ba.

4.0 Kammalawa

Tsayar da siga yana kare hujja, sai dai yana kare kuskure ma, domin kuren da aka gyara a Riruwai zai ci gaba da zama a uwar rumbu har sai an janyo gyaran. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure ƙananan rumbuna, a ware lokacin da jagora zai duba gyare-gyare kafin ya karɓe su, sannan a wajabta wa ɗalibi ambaton lambar sigar da ya yi aiki da ita, kamar yadda yake ambaton shekarar bugu da shafi.