Ladubban Aski da Reza Mai Gida

Tun zamanin kakanni aski a ƙasar Hausa sana'ar wanzami ce, wanda yakan rataya zabirarsa ya bi gida-gida, ya wasa aska a dutse, ya jiƙa kan mutum da ruwa, sa'an nan ya sauke suma da gwanintar da ya gada. Amma da yake zamani ya zo da reza mai baki biyu wadda ake ɗaurawa cikin gidanta na ƙarfe, har kowane magidanci yana iya yi wa kansa gyaran fuska, ya wajaba a faɗakar da jama'a game da ita, domin da yawa sukan saye ta da ɗoki, su yanke fuska ran farko, su yasar da ita suna zargin ƙarfe, alhali kuwa laifin na hannu ne.

Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette shi ne ya yaɗa wannan hikima ta siririyar reza wadda ba a wasawa, sai dai a musanya ta in ta dakushe. A shekarar 1903, da kamfaninsa ya fara sayarwa, gidan reza 51 kaɗai aka saya. Amma da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba wa sojojinta miliyoyin gidajen reza, sai suka koma garuruwansu da al'adar. A 1962 kuma kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza wadda ba ta saurin tsatsa. Galibin gidajen kashi uku ne, wato mariƙi, da farantin da reza ke kwanciya a kai, da marfin da ke danne ta, ta yadda ɗan bakinta kaɗai ke leƙowa, farantin kuwa yana shiga tsakaninta da fata.

Sharaɗi na farko na aski da wannan reza shi ne jiƙo, gama gashi busasshe yana da tauri ƙwarai, ba ya yin laushi sai ya sha ruwan ɗumi kamar minti biyu ko uku. Don haka mafificin lokaci shi ne bayan wanka, a kuma tada kumfar sabulu mai kauri, wadda ba za ta bushe kafin a gama ba, musamman da hunturu. Na biyu shi ne riƙo: a ɗora marfin a kan fata, a karkato da mariƙin sannu a hankali har a ji bakin reza ya fara cin gashi, sa'an nan a riƙa ja gajere-gajere, ana ɗaurayewa, ba tare da dannawa ko kaɗan ba, domin nauyin ƙarfen ya wadatar, kuma duk wanda ya ƙara masa ƙarfin hannu fatarsa yake kankarewa. Na uku shi ne a bi gashi ta inda ya kwanta, kada a tare shi, kuma mutum ya shafa wuyansa da yatsa tukuna, saboda a nan kwanciyar gashi takan saɓa wa ta kumatu.

Wannan sharaɗi na uku ya fi shafar mu, masu gashi murɗaɗɗe, domin idan aka yanke irin wannan gashi ƙasa ainun, sai ya lanƙwashe ya soki fata yayin tofowa, ya haifar da ƙurajen nan da ke addabar samari a ƙarƙashin haɓa. Abin askin zamani mai jerin baki uku ko biyar yakan ja gashi sama kafin ya yanke shi, shi ya sa reza guda ɗaya ta fi sauƙi ga irin fatarmu, matuƙar mutum bai nace sai fuska ta yi sumul kamar ƙwai ba. Bayan an gama a wanke da ruwan sanyi, a goga alif a inda jini ya ɗan tsattsafo, a shafa man kaɗanya.

Akwai kuma babbar fa'ida ga mai rezar kansa, ita ce tsare lafiya, gama ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bin jinin da ya saura a bakin ƙarfe daga wani zuwa wani. Shari'a ta kwaɗaitar da tsafta, har ya zo cikin Sahihu Muslim cewa an iyakance rage gashin baki da yanke farce da kawar da gashin hammata da na mara kada su wuce kwana arba'in. Bai dace ba kuwa a nemi cika sunna da abin da zai jawo cuta.

Saboda haka, ya kai mai sabuwar reza, kada ka yanke mata hukunci da askin farko. Ka ba hannunka makonni ya saba, ka musanya baki da zarar ka ji yana fizgar gashi, ka adana tsoffin cikin gwangwani rufaffe nesa da yara, kuma kada ka ara, kada ka ba da aro, ko da ga ɗan'uwanka shaƙiƙi ne.