Jelin da ke gane baƙonsa

A kemis ɗin da nake aiki a unguwar Manshiya ta birnin Sabha, masu saye sun san kwalbar aidin da wanke rauni kawai. Ni kuwa da ita nake nuna wa yaran unguwa wani ilimi da ya kai masana ga lambar yabo ta Nobel. Ka dama ɗan sitaci da ruwan zafi, ya yi tsululu, ka bar shi ya huce, sannan ka ɗiga aidin. Nan take zai koma shuɗi mai duhu. Ka ɗora a wuta, launin ya ɓace. Ka sauke ya huce, shuɗin ya dawo.

Dalili shi ne, a cikin sitaci akwai dogon zare da ke naɗewa ya bar rami a tsakiya. Aidin na shiga ramin ya zauna, shi ne launin ke fitowa. Zafi na sassauta naɗin, aidin ya fice. Masana kimiyya suna kiran wannan zama na mai masauki da baƙo. Mu da muke ganin 'yan uwa suna isowa ta hanyar Agadas mun san shi: kowa da gidan da yake sauka, babu ɗauri, ranar tafiya kuma ya ɗauki jakarsa. A kan wannan fanni na mai masauki da baƙo Donald Cram da Jean-Marie Lehn da Charles Pedersen suka sami Nobel a 1987.

Mai masaukin da aka fi aiki da shi sunansa saikulodekstirin, wanda Bafaranshe Antoine Villiers ya gano a 1891. Daga sitaci ake samunsa. Zobe ne na ƙwayoyin sukari 6 ko 7 ko 8, bayansa na son ruwa, cikinsa kuwa ba ya so, don haka baƙon da ke gudun ruwa, in girmansa ya dace, sai ya faɗa ciki.

Ga yadda ake yin jeli da shi. A rataya zobba a jikin wasu dogayen zarurruka, a rataya baƙi a jikin wasu, a haɗa su cikin ruwa. Kowane baƙo ya shiga zobensa, zarurrukan su sarƙe, ruwa ya maƙale a tsakani, abin ya daskare. A 2011 Akira Harada da abokan aikinsa na Jami'ar Osaka a Japan suka yi irinsa da wani baƙo mai ƙarfe a ciki, ferosin. Suka yanka jelin gida biyu, suka manna, ya haɗe da kansa, domin baƙin da wuƙa ta raba sun sami sababbin zobba. Da suka zuba sinadarin bilic, baƙon ya sauya hali ya fice, jelin ya narke. Suka zuba wani sinadarin da ke mayar da baƙon yadda yake, jelin ya sake daskarewa. Akwai kuma baƙon da haske ke lanƙwasa shi ya fita daga zobe.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne marasa lafiya. Ana fatan a ɗura magani cikin irin wannan jeli, a yi allurarsa, ya riƙa sakin maganin sannu a hankali a daidai wurin ciwo. Yawancinsu har yanzu suna ɗakin bincike. Amma dabarar ta riga ta shiga ɗakin tiyata: maganin Bridion, wanda Turai ta amince da shi a 2008, zobe ne da ke cafke maganin kashe tsoka a cikin jini, mara lafiya ya dawo yana numfashi da kansa.

Iyaye da malamai, gwajin nan bai wuce cokalin sitaci da ɗigon aidin ba. Ku yi wa yaranku shi, ku tsaya a kansu saboda wuta, ku bar su su yi tambaya. Masu sha'awa kuma a ƙarfafa musu gwiwa su karanci kimiyyar sinadarai, ga Jami'ar Sabha nan cikin gari.