Robar da ke ɗaukar wuta da gabarta da zafi

Duk wanda ya taɓa naɗe wayar lantarki da leda ya san roba ba ta barin wuta ta wuce. Haka masana ma suka ɗauka, har shekarar 1977, lokacin da Hideki Shirakawa ɗan Japan, da Alan MacDiarmid da Alan Heeger a Amurka, suka turara wata roba mai suna foliasitilin da aidin, sai ga ta tana ɗaukar wuta. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2000. Robar dai ba ta yi ƙarko ba, iska kaɗai kan lalata ta.

Folianilin, 'yar'uwarta, ta fi juriya, amma tana da taurin kai: ba ta narkewa, gara ta ƙone. To yaya za a zuba ta a ƙera wani abu? Sai a cuɗa ta da robar gama-gari, irin ta bokiti da bututu. Ita kuwa wannan sai ta sha zafin da kan kai digiri 200 kafin ta saki jiki. Ashe tun a masana'anta ake fara gwabzawa.

Gishirin miyar shi ne asid ɗin da ake sa wa folianilin, domin shi ke buɗe wa wuta hanya. In zafi ya tashi, danshi ke fara ficewa a wajen digiri 100, sannan asid ya bi bayansa. A ido robar lafiya lau, ba ta lanƙwashe ba, ba ta yi ƙauri ba, amma wuta ta daina bi. A ganina nan ne muguntar abin take. A 1992 Yong Cao da Paul Smith da Heeger suka nuna amfanin asid masu manyan ƙwayoyi, ciki har da wanda ake samu daga kafur: suna sauƙaƙa cuɗawa, kuma ba sa saurin tserewa.

Yau wadda ake ji da ita ita ce PEDOT, da kamfanin Bayer na Jamus ya samar a ƙarshen shekarun 1980. Tana cikin wasu kafasito, wato ƙananan ma'ajiyar wuta na kwamfuta da caja, waɗanda akan ƙayyade wa sa'o'i 2,000 a digiri 105. In zafi ya ragu, kwanansu ya ƙaru ninki-ba-ninki. Saboda haka mai karatu, a bazara kada ka kulle kwamfutarka cikin mota a rana, na'urar inbata kuma ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa.