Likitan da Majinyacinsa Ba Ya Magana

Yau a filinmu na kimiyya za mu yi magana ne a kan likitan dabbobi, watau irin karatun da yakan yi, da yadda yakan kula da kare da kyanwa na cikin gida.

Bari mu ɗauki misali daga birnin Greensboro, cikin Jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka. A can ne Dakta Alfreda Johnson Webb ta yi yawancin aikinta. An haife ta a Alabama cikin 1923, ta gama makarantar likitocin dabbobi ta Tuskegee cikin 1949. Tana ɗaya daga cikin mata biyu baƙar fata da suka fara samun wannan digiri a Amurka. Da fari ta koyar da ilmin sassan jikin dabba a Tuskegee, sa'an nan cikin 1959 ta koma Greensboro, ta zama malamar ilmin halittu a makarantar A&T, wadda yanzu jami'a ce. Ta rasu cikin 1992.

To, me ya sa ilmin sassan jiki ya zama tushen wannan sana'a? Dalili kuwa shi ne, majinyacin likitan dabbobi ba ya iya cewa ga inda ke yi mini ciwo. Saboda haka a Amurka ɗalibi yakan yi wajen shekara huɗu a jami'a, sa'an nan ya ƙara huɗu a makarantar likitocin dabbobi. In an kawo masa kare, sai ya fara tambayar mai shi: yana cin abinci? Yaushe ya canza hali? Daga nan ya auna zafin jikinsa, wanda ga lafiyayyen kare yakan kasance digiri 38 zuwa 39. Ya saurari zuciya, ya laluba ciki, ya duba kaska, ya dubi dasashi, gama in dasashi ya yi fari, alama ce jini ya ragu.

Amma babban aikinsa shi ne rigakafi, musamman na ciwon haukan kare. Dokar Karolina ta Arewa ta tilasta a yi wa kowane kare da kyanwa wannan allura da zarar sun kai wata huɗu. Cikin 2007 aka ba da sanarwa cewa an kawar da irin cutar da ke yaɗuwa tsakanin karnuka daga Amurka, ko da yake jemagu da waɗansu namun jeji suna ɗauke da nasu irin har yanzu. Shi ya sa ba a daina allurar ba.

A ƙasashenmu kuwa, da sauran aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, galibinsu a Asiya da Afirka, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. In alamunsa suka bayyana ga mutum, da ƙyar ƙwarai ake tsira. Saboda haka mai kare, ko na farauta ne ko na gadi, ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura. Wanda kare ya ciza kuma, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti nan da nan, kada ya jira ya ga abin da zai faru.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.