Esi na Aiki Amma Ɗaki Ya Ƙi Sanyi: Ina Matsalar Take?

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Potiskum a watannin Maris zuwa Mayu ya san ba wasa ake da zafin bazara ba, domin da tsakar rana ma'aunin zafi kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci ne maigida zai kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda ƙamus ya sani da iyakwandishan, jama'a kuma suka gajarce ta zuwa esi, ya ji tana ƙugi, iska na fita, amma gumi bai daina zuba ba. Da yawa sai su yanke hukunci cewa gas ya ƙare, su biya kuɗi a ɗura, bayan mako biyu a koma gidan jiya. Wannan maƙala za ta bi matsalar daki-daki, daga wadda mutum zai gyara da hannunsa zuwa wadda sai an kira mai gyara.

Yadda esi ke aiki

Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ɗaki ya zubar a waje. Mai karatu ya tuna da randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, shi ya sa na ciki ke sanyi. Dabarar ke nan, sai dai a esi wani sinadari ne da ake kira gas ke zagayawa cikin bututun tagulla. A akwatin cikin ɗaki yana rikiɗa daga ruwa zuwa tururi, ya tsotse zafi. Kwamfaresa ta matsa shi ta tura akwatin waje, inda fanka ke hure zafin ya koma ruwa. Willis Carrier ne ya haɗa na'urar zamani ta farko a 1902, domin wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka. Abin lura shi ne, fankar ciki na iya juyawa ko da kwamfaresa ta tsaya, don haka jin iska ba shaida ba ce cewa esi na aiki.

Fara da rimot

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a dubi rimot. Alamar da ta yi kama da tauraro mai rassa shida ita ce ta sanyaya. Alamar fanka iska kawai take bayarwa, ta ɗigon ruwa kuwa rage danshi ne aikinta. Yara kan latsa su sauya ba a sani ba. Haka kuma idan lambar da aka saita ta fi zafin ɗakin, kwamfaresa ba za ta tashi ba. A mayar da ita 24, a jira minti uku zuwa biyar.

Ƙura, babbar abokiyar gaba

A ƙasar Yobe hunturu kan shafe wajen wata huɗu yana zuba ƙura, bazara kuma ta biyo baya kai tsaye. Wato lokacin da aka fi buƙatar esi shi ne lokacin da ya fi datti. Idan aka ɗaga murfin akwatin ciki za a ga raga biyu masu tace iska. Da zarar sun toshe, iska ba ta ratsa bututu yadda ya kamata, har ƙanƙara ta daskare a kai ta ƙara toshe hanya. A kashe wuta, a zare su, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa. A gari mai ƙura irin namu, kowane mako biyu ya dace. In an ga ƙanƙara, a bar ta ta narke da kanta, kada a kankare da wuƙa.

Akwatin waje ma haka. Ganyen darbejiya, leda, sheƙar tsuntsu da ƙura kan cushe siraran faifan bayansa. Zafi ya rasa mafita, kwamfaresa ta yi zafi ta kashe kanta. A tsabtace shi bayan an cire wuta, a ba shi fili, a yi masa rumfa mai tsayi wadda ba za ta tare iska ba.

Ƙarfin wuta

An ƙera esin da ake sayarwa a Najeriya ya yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. A bazara, lokacin da kowa a unguwa ya kunna kayansa, wutar kan yi rauni. Raunanniyar wuta tana juya fanka, amma ba ta iya tayar da kwamfaresa. Alamar ita ce a ji akwatin waje ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, ya yi ƙas, ya yi shiru. A kashe nan take, domin naci kan ƙone kwamfaresa, ita ce kuwa mafi tsada a jikin na'urar. Maganin shi ne sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace. Ƙaramin janareta ma haka yake yi, saboda a lokacin tashi kwamfaresa na jan wuta ninkin abin da take ci a tafiya. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti uku kafin a kunna.

Inda aikin mai gyara ya fara

Idan wuta lafiya lau amma kwamfaresa ta ƙi tashi, sau da yawa kafasita ce ta mutu, wata 'yar gwangwani da ke taimaka mata tashi. Ba ta da tsada, amma tana riƙe wuta ko bayan an cire soket, don haka ba abin taɓawa ba ce ga wanda bai iya ba.

Sai batun gas. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa da aiki, zagayawa kawai yake yi. In ya ragu, to akwai ɓula. Alamominsa su ne ƙanƙara a siririn bututun waje, maiƙo a mahaɗar bututu, da kuma babban bututun da ya kamata ya yi sanyi yana raɓa amma aka ji shi ɗumi. Mai gyara na ƙwarai zai nemi ɓular da kumfar sabulu, ya toshe, ya zuƙe iskar da ta shiga, sannan ya ɗura. Wanda ya ɗura bai toshe ba, ruwa ya zuba a kwando. A kuma duba takardar da ke jikin akwatin waje: R22 ne, ko R410A, ko R32? Ba a gauraya su. R22 tsohon yayi ne da duniya ke janyewa daga gare shi bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata rufin ozon da ke kare mu daga kaifin rana.

Wani lokaci ɗakin ne

Esi mai ƙarfin doki ɗaya ɗan madaidaicin ɗakin kwana ya dace da shi. A sa shi a babban falo mai rufin kwano ba silin, taga na kallon yamma, ƙofa a buɗe, to lafiyarsa ƙalau amma an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Mai sayen sabo ya nemi mai alamar T3, wanda aka ƙera domin ƙasashe masu tsananin zafi.

Kammalawa

A bi matakan nan bi da bi: rimot, raga, akwatin waje, wuta, sannan mai gyara. Huɗun farko ba sa cin ko kwabo in ban da sitabilaiza. Wanda ya wanke esinsa a ƙarshen hunturu ya huta da neman mai gyara a watan Afrilu, lokacin da kowa ke layi a ƙofar shagonsa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.