Daga Amana Zuwa Rajista: Kundin Bayanan Bashi a Nijeriya da Manomin Kabo

Hausa ta bambanta aro, wanda ake mayar da abin da aka karɓa shi kansa, da rance, wanda ake mayar da madadinsa, da kuma bashi, wato nauyin da ke kan mutum har ya biya. A karkara irin ta Kabo da Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, amana ce ginshiƙin waɗannan ma'amaloli. Ana ba manomi rance ne domin an san gidansu, an kuma san yadda ya biya na bara. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, inda masu gida ke tsaya wa mahauta a cinikin shanu bashi. Rubuta bashi ma ba baƙon abu ba ne, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da shi.

Kundin bayanan bashi na ƙasa yunƙuri ne na mayar da wannan sanayya rubutacciya. Babban Bankin Nijeriya ya fara tattara bayanan masu karɓar bashin bankuna a 1998. A 2008 ya fitar da ƙa'idojin ba kamfanoni masu zaman kansu lasisin wannan aiki, kuma uku ne ke gudanar da shi: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Lambar BVN ta 2014 ta sa a gane mutum ɗaya a dukkan bankuna. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan dokoki biyu: ta bayar da rahoton bashi, da ta jinginar da kadarori masu motsi kamar dabbobi da injuna. Tun daga Agustan 2020 kuma, banki na iya cire kuɗinsa daga asusun wanda ya ƙi biya, ko da a wani banki yake.

Matsalar ita ce kundin ba ya ganin sai abin da ya bi ta banki ko makamancinsa. Zubin adashin mata, da takin da ɗan kasuwa ke bayarwa a biya da kaka, da gonar da aka jinginar aka fanso, da bashin dillalan dabbobi a kasuwar Getso, duk ba sa shiga. Manomin da ya shekara ashirin bai ci amanar kowa ba, baƙo ne a idon banki. Idan kuwa ya karɓi rancen banki sau ɗaya damina ta gaza, wannan gazawar kaɗai ce za a rubuta a kansa.

Dokar ta ba mutum damar neman rahotonsa da ƙalubalantar kuskure, amma rahoton da Ingilishi yake. Saboda haka aiki biyu ne ke gaba: shigar da bayanan ƙungiyoyin gama-kai cikin kundin, da samar da tsayayyun kalmomin Hausa na wannan fanni. Na biyun ya rataya ne a wuyan masana harshe.