Harajin Miji da Kuɗin Makarantar Mata

Tsofaffinmu a birnin Katsina suna tuna lokacin da mai unguwa ke bi gida gida yana karɓar haraji. Yawanci maza baligai ne ke biya. A 1979, sa'ad da Katsina ke cikin Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke harajin nan da jangali.

Amma akwai harajin da ya saura, watau na abin da mutum ya samu. Shi wannan bai ƙyale mace ba. In tana aikin albashi, a cire nata daga albashinta, a cire na maigida daga nasa.

To, mu ɗauka wani malamin makaranta ne a Ƙofar Ƙaura. Matarsa tana karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba ta da albashi, shi ne ke biyan kuɗin makaranta. Za a rage masa haraji saboda wannan?

A ƙasar Kanada za a rage. Can, ɗalibin babbar makaranta ana yi masa rangwamen haraji saboda kuɗin makaranta. Amma ɗaliba marar albashi ba ta da harajin da za a rage. Don haka doka ta yarda ta sa hannu a takarda ta miƙa wa mijinta rangwamen, har na kuɗin makaranta dala 5,000 a shekara. Miji ma yana iya miƙa wa mata. In ta ga dama ta riƙe abinta, sai ta fara aiki a rage mata. Hakkinta ne, ba a karɓa sai da yardarta.

Mu a nan ba mu da irin wannan. Abin da ya yi kusa da shi, a da yana cikin tsohuwar dokar haraji ta 1993. Dokar ta ce a ware wani abu daga samun mutum saboda kowane ɗa da yake riƙo, muddin bai kai shekara 16 ba, ko kuwa yana makaranta. Daga baya kuɗin ya kai naira 2,500, abin da ko takalmin makaranta da ƙyar ya saya. 'Ya'ya huɗu kaɗai ake ƙirgawa a lokacin, kuma a wajen ƙirgar miji da matansa mutum ɗaya ne. Ba dama uba ya ƙirga huɗu, uwa ta ƙirga wasu huɗu.

Sabuwar dokar haraji ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. A cikinta, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Kowa da nasa: wanda matar malamin nan ba ta mora ba, ba ya komawa kan mijinta. Kuɗin makaranta kuwa daga aljihunsa zai fito duka.